Zubin ƙarfe da jiragen ƙarƙashin teku: Amanar da ke rataye a kan katin gwaji

A watan Mayun 2017, a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'antar zubin ƙarfe da ke birnin Tacoma, a jihar Washinton ta Amurka, idon ɗaya daga cikin ma'aikata ya faɗa kan wasu katuna da ake rubuta sakamakon gwajin ƙarfe a jikinsu. An taɓa lambobin, kuma abin da ke kan katunan bai zo daidai da sauran bayanan kamfanin ba. Da a wata masana'antar ce, da ƙila maganar ta ƙare a ofishin manaja. Sai dai wannan masana'anta, mallakar kamfanin Bradken, ita ce kan gaba wajen zuba manyan sassan ƙarfe na musamman da ake sakawa a gangar jikin jiragen yaƙin Amurka masu tafiya a ƙarƙashin teku.

Da bincike ya yi nisa, sai aka gano cewa wata ƙwararriyar masaniyar ƙarfe, wadda ta kai matsayin daraktar sashen nazarin ƙarfe na masana'antar, ta shafe fiye da shekara 30, daga 1985 zuwa 2017, tana sauya sakamakon gwaji. Abin ya shafi zubi kusan 240, wato kimanin rabin ƙarfen da masana'antar ta zuba wa rundunar sojin ruwan Amurka. An riga an liƙa waɗannan sassa da walda a jikin jirage, jiragen kuwa sun daɗe suna nutso a tekunan duniya da matuƙa fiye da ɗari a cikin kowannensu.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa lamba ɗaya a kan kati ta tayar da hankalin rundunar sojin ruwa mafi ƙarfi a duniya, sai an san mene ne zubi, a ina yake zaune a jikin jirgi, da kuma abin da ya sa ba a iya sanin lafiyarsa da ido.

Daga tukunyar zubi zuwa gindin jirgi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu zuba tukwanen alminiyum a kasuwa ya ga asalin wannan sana'a. Mai zubi yakan ɗauki tsohuwar tukunya a matsayin samfur, ya danne ta da damshin rairayi a cikin akwatin katako, ya zare ta a hankali ta bar siffarta, sannan ya narka ƙarfe ya tsiyaya a cikin ramin. Idan ya huce, ya fasa rairayin, sabuwar tukunya ta fito. Manyan masana'antun zubi na duniya a kan wannan ƙa'ida suke aiki, illa dai abin da suke zubawa yakan kai nauyin tan hamsin, ko ɗari, ko fiye.

Aikin yakan fara ne da samfur, wanda kafintoci na musamman ke sassaƙawa da katako. Akan yi shi ya ɗan fi ainihin abin da ake so girma, da kimanin kashi 2 cikin ɗari, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Daga nan sai a gina mazubi da rairayin da aka cuɗa da wani irin ƙaro mai sa shi ya daskare kamar dutse. Mazubin babban zubi a cikin rami ake gina shi a ƙasan masana'anta, kuma yakan ɗauki makonni. Ana narka ƙarfen a tanderun lantarki har zafinsa ya kai kimanin digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas, a juye shi a manyan bokitai da injin ɗaga kaya ke ɗauka, a tsiyaya cikin mazubin a 'yan mintoci. Aikin watanni a cikin waɗannan mintoci yake gyaruwa ko ya lalace, domin idan aka fara zubawa babu tsayawa, babu kuma maimaitawa.

Bayan haka sai jira. Babban zubi yakan kwana da yawa a cikin rairayi kafin ya huce, wani ma makonni. A lokacin hucewar nan ne matsala ke shiga. Bayan ƙarfen ne ke fara daskarewa, cikinsa yana nan a narke, kuma yayin da cikin ke tsukewa yana iya barin kogo ko ƙananan ramuka. Don haka ake gina wasu rumbuna na narkakken ƙarfe a saman mazubin, su riƙa ciyar da zubin yayin da yake tsukewa, daga baya a yanke su a jefar. Iskar da ta maƙale, ko ɗan rairayin da ya ɓalle ya faɗa ciki, ko datti daga tanderu, kowannensu na iya zama rauni a tsakiyar ƙarfe mai kaurin kamu biyu, inda ido ba ya kaiwa. Daga ƙarshe akan sake gasa zubin, a tsoma shi cikin ruwa, a sake ɗumama shi a wani zafi da aka ƙayyade. Wannan gashin ne ke ba ƙarfen ƙarfi da juriyarsa, kuma kuskuren 'yan digiri ko 'yan sa'o'i na iya sauya halinsa baki ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a haƙura da zubi ba, tunda haɗarinsa ya kai haka? Amsar tana cikin siffa. Yawancin gangar jikin jirgin ruwa da faifan ƙarfe ake yin ta, a lanƙwasa, a haɗa da walda. Wasu sassan, kamar doguwar sandar da ke juya farfela, ƙera su ake yi ta hanyar matse jan ƙarfe mai zafi da manyan injuna, kamar yadda maƙeri ke bugun garma a kan uwar maƙera. Amma akwai sassa masu lanƙwasa ta ko'ina, masu kauri a nan da siranta a can, masu rami a ciki, waɗanda ba faifai ba, ba bugu ba, babu abin da ke fitar da su sai zubi.

Inda zubi yake a jikin jirgi

A babban jirgin dakon kaya, zubi ya fi yawa a baya, inda ƙarfin inji ke haɗuwa da ruwa. Akwai ƙashin gindin jirgi, wanda sandar farfela ke ratsawa ta cikinsa. Akwai ƙahon da ke riƙe da allon juya jirgi. Akwai anga, da gidajen famfuna da na bawul-bawul, da manyan sassan injin kansa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsage a tsakiyar teku, jirgi mai ɗauke da kwantena dubbai ya zama gungume, sai dai a aika jirgin ja ya jawo shi.

Sarkin zubin jirgi dai ita ce farfela. Da wata irin tagulla ake zuba ta, wadda kusan kashi 80 cikin ɗari nata jan ƙarfe ne, sauran kuma alminiyum da nikel da baƙin ƙarfe. An zaɓi wannan haɗi ne saboda ruwan gishiri ba ya cin sa da sauri, kuma ƙananan halittun teku ba sa son manne masa. Jirgin kwantena mai suna Emma Maersk, wanda aka gina a Odense ta ƙasar Denmak a 2006, tsawonsa mita 397, farfelarsa guda ɗaya ce mai fukafukai shida. Faɗinta ya haura mita tara, nauyinta kimanin tan 130, kuma a zubi ɗaya aka fitar da ita. Kamfanin da ya zuba ta, Mecklenburger Metallguss, yana wani ƙaramin gari ne mai suna Waren a arewa maso gabashin Jamus, a bakin tafki, nesa da teku. Daga wannan gari ake ɗora farfeloli a kan manyan tireloli zuwa tashar ruwa, a kai su wuraren gina jirage har a nahiyar Asiya.

A harkar jiragen kasuwanci, akwai hukumomi masu zaman kansu da ke tantance ingancin irin waɗannan sassa, kamar Lloyd's Register ta Ingila, wadda tarihinta ya faro daga 1760, da DNV ta Norwe, da Bureau Veritas ta Faransa. Jami'insu yakan je masana'anta ya shaida gwaji, ya buga hatimi a jikin ƙarfen, ya sa hannu a takarda. Ba tare da wannan takarda ba, da wuya kamfanin inshora ya karɓi jirgin.

Matsi, sanyi da gautsi

Abin da jirgin ƙarƙashin teku ke fuskanta ya zarce na jirgin sama da ruwa nesa ba kusa ba. Duk mita goma da ya nutsa, matsin ruwa a jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya guda. A zurfin mita 300, kowane murabba'in mita na jikinsa yana ɗauke da nauyin kimanin tan 300. Kuma matsin yana zuwa yana tafiya, domin jirgin yana nutsewa yana tasowa shekara da shekaru, ƙarfen yana matsewa yana saki. Ɗan raunin da bai kai ƙwayar gero ba na iya fara tsaga a hankali. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa abin da ke jiran tsagar shi ne teku.

Gangar jikin irin wannan jirgi cike take da ƙofofi. Akwai inda sandar farfela ke fita, akwai bakunan bututun harba makamai, akwai ƙofofin shigar matuƙa, akwai wuraren da bututun ruwan sanyaya inji ke ratsa bango. Kowace ƙofa wuri ne da matsi ke taruwa, kuma da yawa daga cikinsu da zubi ake ƙarfafa su. Amurka ta daɗe tana amfani da wani ƙarfe da ta sa wa suna HY-80, mai haɗin nikel da kuromiyam da molibdinam, sannan daga baya HY-100 wanda ya fi shi ƙarfi. Lambar tana nuna nauyin da ƙarfen ke ɗauka kafin ya fara lanƙwasa, wato fam dubu 80 ko dubu 100 a kan kowane murabba'in inci.

Ƙarfi kaɗai bai wadatar ba. Gilashi ma yana da ƙarfi, amma yana da gautsi, da ya sha bugu sai ya tarwatse. Abin da ake nema a ƙarfen jirgin yaƙi shi ne ya lotsa idan ya sha duka, kada ya dare. Duniya ta koyi wannan darasi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Janairun 1943, wani sabon jirgin dakon mai na Amurka mai suna Schenectady yana ɗaure a tashar ruwa ta Portland, cikin sanyin hunturu, babu hadari babu igiyar ruwa, sai kawai ya dare gida biyu da ƙara mai ƙarfi. Jirage da dama na wancan zamani, ciki har da samfurin Liberty da aka gina guda 2,710, sun yi fama da irin wannan tsagewa a ruwan sanyi na arewacin tekun Atlantika. Wata masaniyar ƙarfe ta Jami'ar Cambridge, Constance Tipper, ta nuna cewa laifin yana cikin ƙarfen kansa, domin akwai wani mataki na sanyi da idan aka sauka ƙasa da shi, ƙarfe mai juriya yakan koma mai gautsi.

Gwajin da ake auna wannan hali da shi ana kiran sa da sunan wani masani Bafaranshe, Georges Charpy. Lokacin zubi, akan zuba wani ɗan ƙarfe tare da babban, daga tanderu ɗaya, a gasa su tare. Daga jikinsa ake yanko 'yar sanda mai tsawon milimita 55 da kaurin milimita goma, a yi mata 'yar tsaga a tsakiya, a sanyaya ta, sannan a saki wata guduma mai lilo ta karya ta. Nisan da gudumar ta ci gaba da tafiya bayan karyawar shi ke nuna yawan ƙarfin da sandar ta shanye. Idan ta shanye da yawa, ƙarfen mai juriya ne. Idan gudumar ta wuce kamar ba ta taɓa komai ba, ƙarfen mai gautsi ne. Akwai wasu gwaje-gwajen da ba sa ɓata zubin, kamar ɗaukar hoton cikinsa da haske mai ratsa jiki irin na duba karaya a asibiti, ko aika sauti cikinsa a saurari yadda ya dawo. Waɗannan suna nuna rami ko tsaga, amma ba sa nuna gautsi. Gautsi sai an karya sanda, sanda kuwa da zarar an karya ta an rubuta lamba, lambar ce kaɗai ke saura.

Amurka ta gina tsarin tsaron jiragenta na ƙarƙashin teku a kan irin waɗannan lambobi ne bayan wani babban rashi. Ranar 10 ga Afrilun 1963, jirgin USS Thresher ya nutse yayin gwajin zurfi a gabashin gaɓar Amurka, mutum 129 suka halaka. Binciken rundunar ya fi karkata ga cewa wata mahaɗar bututun ruwan teku ce ta saki. A wannan shekarar aka kafa shirin SUBSAFE, wanda ya wajabta cewa duk wani sashe da ke tsakanin matuƙa da ruwan teku sai yana da rubutacciyar shaidar da za a bi sawunta tun daga tanderun da aka narka shi. Tun daga lokacin, jirgi ɗaya rundunar ta sake rasawa, wato USS Scorpion a 1968, shi ma bai kai ga samun shaidar shirin ba. Tsarin ya yi aiki, amma gaba ɗayansa ya dogara ne a kan cewa wanda ya rubuta lambar ya rubuta gaskiya.

Abin da kotu ta ji

Rundunar sojin ruwan Amurka ta shardanta cewa a yi gwajin gudumar a sanyin digiri 100 ƙasa da sifili a ma'aunin Faranhait, wato kimanin digiri 73 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Daraktar ta Tacoma ta shaida wa masu bincike cewa a ganinta wannan sharaɗi wauta ne. A zahiri maganarta tana da kamar hujja, domin ruwan teku ba ya sauka ƙasa da kimanin digiri biyu ƙarƙashin sifili ba tare da ya daskare ba. Sai dai gwajin ba don kwaikwayon sanyin teku aka tsara shi ba. Ƙarfe mai kauri ya fi ƙaramar sanda saurin darewa, kuma bugun da ya zo farat ɗaya, kamar karo da dutsen ƙarƙashin ruwa ko fashewar bam a kusa, yana sa ƙarfe ya nuna gautsi ko da sanyin bai kai ba. Idan 'yar sanda ta jure a digiri 73 ƙasa da sifili, to an sami tazarar da za a amince cewa babban zubin zai jure a ranar yaƙi. Masu gabatar da ƙara sun ce gwaje-gwajen an yi su ne domin tabbatar da cewa ƙarfen ba zai gaza ba idan aka yi karo ko a wasu yanayoyin yaƙi.

Idan zubi ya faɗi gwaji, mafita ita ce a sake gasa shi, ko a watsar da shi a sake sabo, wanda ke nufin asarar watanni da kuɗi mai yawa. Sauya lamba a kan kati kuwa daƙiƙa ɗaya ce. Kamfanin Bradken ya sayi masana'antar a 2008, ya gaji matsalar ba tare da shugabanninsa sun sani ba, kamar yadda Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta bayyana. Amma da abin ya fito a 2017, kamfanin ya sanar da rundunar cikin sigar da ta nuna kamar ba zamba ba ce, kuma hakan ya kawo cikas ga binciken farko. A watan Yunin 2020 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 10.9. Matar ta amsa laifin zamba a watan Nuwamban 2021, kuma a watan Fabrairun 2022 kotun tarayya da ke Tacoma ta yanke mata ɗaurin shekara biyu da rabi da tarar dala 50,000, tana da shekara 67.

Babu jirgin da aka ce ya lalace saboda wannan ƙarfe. Duk da haka rundunar ta ce abin ya shafi jirage 30, kuma ta kashe kusan dala miliyan 14, ciki har da sa'o'i 50,000 na aikin injiniyoyi, wajen tantance haɗarin. Ba a iya ciro zubin da aka riga aka binne a cikin gangar jirgi ba tare da an yanka jirgin ba, don haka abin da ya rage shi ne ƙarin sa ido a kan sassan har ƙarshen rayuwar jiragen. Rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya ta mai kaya, sai dai a nan mai kayan ne zai ci gaba da biyan kuɗin shekara da shekaru.

Farfela mai sirri

Zubi yana da wani matsayi na biyu a yaƙin ƙarƙashin teku, wato shiru. A can ƙasa babu haske, da kunne ake farauta. Idan farfela tana juyawa da sauri, matsin ruwa a bayan fukafukanta yakan ragu har ruwan ya yi kumfa, kumfar kuma ta fashe da ƙara. Na'urorin sauraro na abokan gaba suna jin wannan ƙara daga nesa mai yawa. Maganinta shi ne siffar fukafukan da santsinsu, kuma hakan yana buƙatar zubi marar aibi da injin da zai goge shi daidai da zane ba tare da kuskure ba. Shi ya sa har gobe ake lulluɓe farfelar jirgin ƙarƙashin teku da tamfol idan an fito da shi bainar jama'a.

A farkon shekarun 1980, kamfanin Toshiba Machine na Japan ya sayar wa Tarayyar Sobiyet wasu manyan injunan goge farfela, kamfanin Kongsberg na Norwe kuma ya samar da kwamfutocin da ke sarrafa su. Cinikin ya saɓa wa yarjejeniyar ƙasashen Yamma ta hana sayar wa Sobiyet irin waɗannan na'urori, kuma an girka injunan a wata ma'aikatar gina jirage da ke Leningrad. Da asiri ya tonu a 1987, Amurka ta yi zargin cewa injunan sun taimaka wa jiragen Sobiyet sun rage ƙara. Wasu 'yan majalisar dokokin Amurka sun farfasa rediyon Toshiba da guduma a harabar majalisa, shugaban hukumar gudanarwa da shugaban babban kamfanin Toshiba kuma suka yi murabus.

Masana'antu ƙalilan, buƙata mai yawa

Wani abin da shari'ar Tacoma ta tona shi ne ƙarancin wuraren da ke iya wannan aiki. Ba kowace masana'antar zubi ke da ramin da zai ɗauki babban mazubi, da tanderun da zai narka tan da yawa a lokaci guda, da ma'aikatan da suka ƙware a ƙarfen HY-80 ba. Samun amincewar runduna kaɗai yakan ɗauki shekaru. Cinikin kuma ba shi da yawa, domin ƙasa ba ta gina jiragen ƙarƙashin teku da yawa a shekara, saboda haka masu zuba jari ba sa rububin shiga. Shi ya sa ko bayan abin da ya faru, gyara tsarin masana'antar Tacoma aka yi, aka ci gaba da hulɗa da ita.

A watan Fabrairun 2022, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da rahoto a kan hanyoyin samar da kayan tsaro, ta sanya zubi da ƙira cikin fannoni huɗu da suka fi damun ta, tare da makamai masu linzami, da batura, da ƙananan na'urorin lantarki. Damuwar tana da tushe, domin ƙasar Sin ita kaɗai tana fitar da kusan rabin zubin ƙarfen duniya. Amurka tana son gina jirage biyu samfurin Virginia a kowace shekara, ga kuma sababbin jirage 12 samfurin Columbia masu ɗaukar makaman nukiliya, amma ta daɗe ba ta cika burin biyun ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar AUKUS ta 2021 kuma ta yi alkawarin sayar wa Ostireliya aƙalla jirage uku samfurin Virginia.

Birtaniya ta ɗauki mataki mafi tsauri. A watan Yulin 2021, Ma'aikatar Tsaronta ta sanar da sayen kamfanin Sheffield Forgemasters, tsohuwar masana'antar zubi da ƙira da ke birnin Sheffield, wadda ke samar da sassan jiragen nukiliyar ƙasar. Kuɗin sayen fam miliyan 2.56 ne kacal, amma gwamnati ta yi alkawarin zuba har fam miliyan 400 cikin shekara goma domin sabunta injuna. Gwamnatin masu ra'ayin riƙau ce ta yi wannan, jam'iyyar da ta yi suna wajen sayar da kamfanonin gwamnati ga 'yan kasuwa. Lissafinta shi ne idan masana'antar ta durƙushe, shirin jiragen ƙarƙashin teku na ƙasar zai koma dogaro da ƙasashen waje.

Abin da ya shafe mu

Najeriya ba ta da jirgin ƙarƙashin teku, amma tana da rundunar sojin ruwa da ke gina jirage kuma take saye. Ma'aikatar gyara da gina jirage ta rundunar da ke Legas ta fitar da NNS Andoni a 2012, da NNS Karaduwa a 2016, da NNS Oji a 2021. Manyan jirage kuwa daga waje ake sayo su, kamar NNS Kada na kamfanin Damen wanda ya iso a 2022, da jiragen sintiri biyu da aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilarsu a 2021. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta a jihar Kogi, wanda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarsa a 1979, an gina masa sashen zubi da na sassaƙa samfur da na ƙira, amma babban tanderunsa bai taɓa fara aiki ba.

Ƙasar da ke sayen jirgi daga waje tana karɓar ƙarfe ne tare da tarin takardu, kuma takardun kaɗai jami'inta zai iya karantawa. Haka abin yake ga farfelar injin samar da lantarki a madatsar ruwa, da bawul ɗin bututun iskar gas, da ƙafafun jirgin ƙasa. Jami'in da fayil ɗin kwangila ya zo teburinsa yana iya neman a nuna masa lambar tanderu da ke kan takardar shaida, a kuma tabbatar ita ce aka buga a jikin ƙarfen. Yana iya tambayar wane ne ya shaida gwajin, kuma wa ke biyan sa albashi. Yana iya sa wa a cikin sharuɗɗan kwangila cewa a ajiye ragowar ƙarfen gwaji, domin wani ɗakin gwaji na daban ya sake karya sanda idan an yi shakka. A Tacoma, mutum ɗaya ke riƙe da katunan shekara 32, kuma abin ya tonu ne a shekarar da wani ido na biyu ya zauna ya kwatanta lambobin da sauran bayanan kamfanin.